Kwananawa da Haruffa Hamsin da Takwas

Shekara ashirin da shida ya yi a tagar maɗaba'ar, kuma da wuya a samu yini ɗaya a cikinsu da ba a yi masa tambayar nan ba. Shugabar makaranta za ta kawo littattafan rubutu dubu uku, mai kantin magani ya kawo takardun da ake manna wa kwalabe, ɗan takara ya turo hotonsa a buga masa fosta, kowa in ya gama bayaninsa sai ya dafa tagar ofis ya ce, "To, kwana nawa?" Tun masu inji suna kwaikwayon masu tambayar don tsokana har abin ya zama suna. Sababbin ma'aikata kan yi wata guda suna kiransa Malam Kwananawa kafin su gane ba haka yake a takardar aiki ba, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba.

Ofishin nasa ƙuntataccen ɗaki ne tsakanin ɗakin injuna da sito. Taga ɗaya tana kallon masu kawo aiki, ɗaya tana kallon babban inji, wanda in ya tashi har kofin shayin da ke kan tebur sai ya riƙa matsawa a hankali zuwa gefe. Akwai allo a bango, da alli a cikin gwangwani, da warin tawada da ya kama labule har wanki ya daina fitar da shi.

Aikin a faɗe ba shi da wuya. Ayyuka layi suke bi, wanda ya riga zuwa shi ake fara bugawa. Kowane aiki yana da awoyin da zai ci, injin kuma awa takwas yake yi a rana. Sannan akwai dokar da babban mai inji ba ya sassautawa ko ga Manaja: aikin da aka ɗora ba ya kwana a kan inji, domin tawada za ta bushe a jikin rola, gobe launi ya fito daban. Saboda haka in saura awa biyu a tashi, aikin da ke gaba kuma na awa uku ne, to sai gobe. Manyan ayyuka akan yanka su kashi-kashi tun kafin su shiga layi. Kwananawa shi ke zama da wannan jerin, ya cika rana, ya rufe ta, ya buɗe wata, har ya kai kan aikin mai tambaya, sannan ya ɗago ya faɗi lamba. Ba ya ƙara komai a kai. In mutum ya ce, "Haba Malam, ba za a ɗan taimaka ba?" sai ya sake faɗin lambar da murya iri ɗaya.

Ɗan tela ne, na uku a ɗakinsu. Ya so ya karanta injiniya, makin da ya samu bai kai ba, ya zauna gida shekara guda yana yanka wa mahaifinsa yadi, daga nan wani maƙwabci ya samo masa aikin ƙirga rim ɗin takarda a siton maɗaba'ar. Tsohon magatakardan da ke tagar a lokacin yana yawan ba da alkawarin da ba ya cika, don ba ya iya kallon idon mutum ya ce masa mako uku. Da ya yi ritaya aka rasa wanda za a zaunar, sai aka tuna da dogon nan na sito wanda ba ya dariya. Aka ce ya riƙe na wata biyu kafin a samu wanda ya dace. Ba a sake ta da maganar ba.

Wansa, malamin koyar da tuƙin mota, yakan ce, "Ranar da aka raba magana ƙanena barci ya yi, ni na je na karɓo har da rabonsa." Matarsa nas ce a asibitin yara, ita kuma cewa take ta auri mutumin da in ya aiko da saƙon waya sai ta duba ko rabinsa ne ya iso. Suna zaune a hawa na biyu na wani gidan haya, ɗaki biyu da falo, da 'yarsu guda wadda daga baya ta yi aure ta koma wani gari.

Yana da shekara arba'in da uku aka kawo kwamfuta ofishinsa. Ba don shi aka saya ba, tsohuwa ce da aka sauya wa Malama mai tsara shafuka, aka rasa inda za a ajiye. Wata uku tana lulluɓe da ƙyalle. Wata rana ya buɗe ta da kansa, ya fara shigar da jerin ayyuka cikin layuka, daga nan ya sayi littafin koyon rubuta wa kwamfuta umarni a hannun masu tsofaffin littattafai, wanda ke koyar da wani yaren kwamfuta mai sunan mesa. A lokacin hutun rana yake karantawa, burodi a hannun hagu, biro a dama. Cikin shekara guda ya rubuta abin da ke yi masa lissafin kwanaki, layi sittin da wani abu, kowane da bayaninsa. Abin da yake yi a minti ashirin ya koma ƙiftawar ido. Bai gaya wa kowa ba sai da Manaja ya lura allon bango ya daina sauyawa.

A wajen rubuta wannan ne ya ci karo da wata 'yar matsala. Kwamfuta in ta raba lamba yar da ragowa take yi. Aikin awa ɗari, awa takwas a rana, sai ta ce kwana goma sha biyu, ta manta da awa huɗun da suka rage, alhali duk wanda ya taɓa aiki ya san kwana goma sha uku ne. Ya gyara abin da layi biyar, amma ransa bai kwanta ba, sai ya shiga intanet neman yadda wasu suke yi. Ya faɗa wani shafi inda mutane ke gardama a kan daidai wannan. Wani ya rubuta (a+b-1)//b, ya ce harafi goma. Wani ya zo da -(-a//b), ya ce takwas. Can ƙasa wani mai hoton agwagwa a madadin fuskarsa ya rubuta 0--a//b, bai ce komai ba sai "bakwai".

Ranar burodinsa ya bushe a kan tebur. Ya gwada abin a takarda da lamba goma sha biyar daban-daban, duk ya fito daidai. Sai da injin ya tashi, kofi ya fara tafiya, sannan ya tuna a ofis yake.

Da safen ranar hutu, suna karyawa, ya yi wa matarsa bayani, abin da ba ya yi.

"Wasa ne. A ba da matsala, kowa ya rubuta umarnin da zai warware ta. Wanda nasa ya fi gajarta shi ne a sama. Har tazara tsakanin kalmomi ana ƙirgawa. Sun ari sunan wasan golf, wanda mai ƙarancin bugu ke cinyewa."

"To me ake ba wanda ya ci?"

"Ba komai."

"Ko ɗan kofi?"

"Lambarka ce dai za ta sauka."

Ta ajiye cokali ta dube shi. "Malam, lambar ma sauka take yi? Kowa na neman tasa ta hau." Ta yi dariya, ta ƙara masa shayi. "Amma dai sun samu ɗan'uwa. Allah ya bar ku tare."

Amsarsa ta farko a shafin harafi ɗari da goma sha biyu ce, ta saman kuma sittin da shida. Ba wanda ya yi masa dariya. Mutum biyu suka rubuta masa a ƙasa cewa in ya cire kaza ya juya kaza zai rage tara, ɗayansu mai hoton agwagwar nan ne. Kwananawa ya yi mamakin wannan fiye da komai, a ce kana takara da mutum ya tsaya yana nuna maka hanyar da za ka kamo shi. Turancinsa na takardun ofis ne, saboda haka godiyarsa ba ta wuce kalma biyu, kuma a wurin ba wanda ya ga hakan a matsayin rashin kirki. A gida sunan mutumin ya zama Agwagwa. Matarsa takan tambaya, "Yau ya kuka kwashe da Agwagwa?" kamar wani abokin aiki ne da ta sani.

Shekara biyu yana tsakiyar jeri, ba ya sama, ba ya ƙasa. Sai wata Talata wani ya kawo sabuwar matsala: ga jerin ayyuka, kowane da awoyinsa, ga iyakar awoyin da ake yi a rana; a bi jeri, ba a raba aiki ɗaya gida biyu; a faɗi mafi ƙarancin kwanakin da za a gama. Kwananawa ya karanta sau uku. Ya waiga ya dubi babban mai inji ta taga, yana goge rola da tsumma. Bai san wanda ya kawo matsalar ba, bai san ƙasar da yake ba, amma ya ji kamar an shigo ofishinsa an ɗauki hoton allonsa.

Wannan ita ce ya sa a gaba. Ya fara da saba'in da tara. A ƙarshen mako ya sauko sittin da huɗu. Agwagwa yana sittin. Ya daina amfani da kwamfuta wajen tunani, sai guntayen takardun da injin yanka ke zubarwa, dogaye sirara, daidai layi ɗaya. Aljihunsa kullum cike da su, matarsa ta gaji da tsince su kafin wanki. Ya kai sittin da ɗaya ya tsaya cak, wata biyu ba motsi. Agwagwa ne ya leƙo ya ce akwai wata tazara da ba a buƙata bayan lamba. Suka yi kunnen doki a sittin.

Wata na huɗu ya samu hamsin da tara, ya ɗora a shafin da rana, ya koma gida yana tafiya kamar wanda aka yi wa ƙarin girma. Washegari ya tarar da saƙo a ƙasan amsar: ba ta aiki in aiki ɗaya ya cika rana cif, tana ƙara kwana guda. Agwagwa ne, har da misali. Kwananawa ya gwada, haka ne. Abin da ya fi ci masa rai shi ne irin wannan ranar ba baƙuwa ba ce a wurinsa, sau nawa aikin awa takwas ya zo tagarsa. Ya rubuta cewa gaskiya ne, ya janye, ya koma sittin. Ranar ko da mai kantin magani ya ce masa ina kwana, lamba ya faɗa masa.

Hamsin da takwas a cikin bas ta zo masa, a tsaye, yana riƙe da ƙarfe, wata mata ta taka masa ƙafa. Ya ga cewa in ya juya lissafin a tsakiyar layi, harafi ɗaya zai iya yin aikin biyu. Ba shi da hannun rubutu, sai ya yi ta maimaita layin a zuci har ya wuce tasharsa da biyu, ya dawo a ƙasa. Wannan karon kwana uku ya yi yana gwada ta da kowane irin jeri kafin ya ɗora. Agwagwa ya rubuta kalma ɗaya, wadda ma'anarta ita ce abin ya yi kyau. Aka daɗe ba wanda ya sauko ƙasa da haka a wannan yaren.

A makon ne ya yi abin da daga baya ya ce shi ne wautar da ta fi kowace a aikinsa. Ya buɗe kwamfutar ofis, ya dubi dogon umarnin nan mai layi sittin da wani abu, ya ga ya yi masa muni kamar tsohuwar riga. Ya goge shi, ya sa layin nan guda a madadinsa. Amsa iri ɗaya suke bayarwa, saboda haka ba wanda ya lura. Aka yi fiye da shekara a haka.

Wata safiya yana aske gemu ya ga kamar an sako baƙin labule daga gefen idonsa na dama. Ya ce zai je aiki ya dawo ya gani. Matarsa ta rufe masa ido ɗaya da tafin hannu, ta tambaye shi yatsu nawa, ba ta jira ya gama amsa ba ta ɗauko jakarta. Likita ya ce fatar da ke can bayan ido ce ta fara ɗayewa. Aka yi masa aiki a ranar, aka sa kumfar iska a cikin idon don ta danne wurin, aka ce ya kwanta rub da ciki kwana goma, fuska a ƙasa, ba karatu, ba waya. Aka kawo katifa falo, matarsa ta naɗe tawul kamar zobe ya sa fuskarsa a ciki. Duniyarsa ta koma ɗan da'irar daɓe da ƙafafun masu zuwa dubiya.

Wansa ya zo kullum. Ya samu abin da ya daɗe yana nema, mai sauraron da ba zai iya tashi ba. Ya ba shi labarin matar da ta yi wata shida tana koyon komawa da baya, da alƙalin da ya faɗi gwajin tuƙi sau huɗu, da tsadar taya. In ya ja numfashi sai ya ce, "Kana ji na, ƙanena?" Daga cikin tawul a ce, "Ina ji, Yaya."

Rana ta shida da la'asar ya ga takalma biyu da ya sani sun shigo: baƙi mai sheƙi na Manaja, da mai igiya na Malama mai tsara shafuka, wadda aka ce ta riƙe tagar kafin ya dawo. Bayan an yi ya jiki, matarsa ta kawo ruwa, Manaja ya yi gyaran murya.

Abin da ya faru shi ne, rolar babban inji ta samu matsala, kafin sabuwa ta iso sai an tsaya minti arba'in ana wanki tsakanin kowane aiki da na gaba. A daidai lokacin wani kamfanin littattafan makaranta ya kawo babban aiki, kashi talatin da ɗaya, yana so kafin a koma hutu. Malama ta ɗan san yaren, ta buɗe umarnin don ta ƙara minti arba'in ɗin, ta tarar da layi ɗaya kamar an zubar da ƙusoshi. Ta sa a inda take zato, kwamfuta ta ce kwana tara. Ta ce ba ta yarda da lambar ba, amma mai kamfanin yana kan waya yana jira, Manaja ya faɗa masa tara, ya kuma tura a rubuce. Da babban mai inji ya ji sai ya yi dariya har ya zauna a kan rim.

"Shi ne muka ce ka gaya mata inda za ta gyara," in ji Manaja. "Minti biyu ne a wurinka."

"Karanto min, Malama."

Ta karanta harafi-harafi, baka, waƙafi, ragi, ragi. Ya ce ta sake. Ta sake a hankali. Sannan ta ce, "Malam, wannan r ɗin, awoyin da suka rage yake riƙewa, ko waɗanda aka riga aka ci?"

Ya tuna bas ɗin, ya tuna matar da ta taka shi, ya tuna cewa a farkon layi abu ɗaya ne, a tsakiya ya juya shi ya zama ɗayan. Amma a ina ya juya, kuma ta yaya, ya neme shi a kansa ya rasa. Da takarda a gabansa da awa guda zai warware. Ba shi da ko ɗaya.

"Ban sani ba," ya ce.

"Kai fa ka rubuta," in ji Manaja.

"Ni na rubuta, ranka ya daɗe. Malama, bar wannan. Karanto min ayyukan da awoyinsu."

Ta shiga karantowa, shi kuma fuska a cikin tawul yana tarawa, yana ƙara minti arba'in, yana cewa, "Rana ta ɗaya ta cika. Ci gaba." Wansa, wanda ke zaune a gefe, ya buɗe baki sau biyu, matar gidan ta harare shi ya rufe. Aka ɗauki kusan minti arba'in da biyar.

"Goma sha huɗu."

"Haka na samu a takarda," in ji Malama, a hankali.

Kwananawa ya ɗan motsa kai. "Kin yi a takarda?"

"Tun jiya. Aka ce ba a yarda da takardata ba sai an ji daga bakinka."

Baƙin takalmin ya matsa baya kaɗan. Can Manaja ya ce, "Malam, tambaya ɗaya. Dogon nan da kake aiki da shi da, mai bayani a jiki, yana ina?"

"Na goge shi."

"Me ya yi maka?"

"Ya yi tsawo."

Manaja ya miƙe, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fita yana latsa waya tun daga matakala. Aikin ya ci kwana goma sha biyar, domin takarda ta makara yini guda. An buɗe makarantu littattafan ba su isa ba. Kamfanin ya karɓi kayansa, kuma shekarar da ta biyo wani wuri ya kai aikinsa.

Bayan mako biyar ya koma, da sabon tabarau mai kauri a ɓangaren dama. Manaja bai yi masa faɗa ba, bai kuma sake ta da zancen ba, sai dai gaisuwarsu ta rage tsawo, wadda dama ba ta da shi. Masu inji kuwa sun samu abin yi. Wata guda duk abin da ya ɓata a maɗaba'ar, tsintsiya ko almakashi, sai wani ya ce, "Kwananawa ya goge shi, ya yi tsawo."

Ya nemi a sa masa kujera ta biyu a ofis. Kullum bayan hutun rana Malama ta zo su zauna awa guda, suka sake rubuta abin tun daga farko. Wannan karon layi ɗari da arba'in ne, kowane abu da cikakken sunansa, ba r ba h. In ya rubuta layi sai ta karanta ta faɗi abin da yake yi. In ta yi jim kafin ta amsa, ya goge ya sake. Ita ta kawo shawarar a ware wurin ranakun da ba a cika awa takwas, da wurin gyaran inji, abubuwan da shi a kansa yake riƙe su shekara da shekaru bai taɓa tunanin rubutawa ba. Sau ɗaya ya ce mata wani layin zai iya komawa rabi. Ta ce, "Na sani, Malam. Bar shi haka." Ya bar shi.

Ya kuma je ya samu Manaja a ofishinsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce lissafin Malama daidai ne tun ranar farko, kuma in ya tashi tafiya ita ta dace da tagar. Manaja ya ce ya ji. Shekara uku bayan haka, da lokacin ya zo, ita aka ba.

Bai daina wasan ba, sai dai ya raba shi da kwamfutar ofis. Idon ya rage masa sauri. Yakan ƙara girman rubutu har layi ɗaya ya cika fuskar kwamfuta. Agwagwa ya riƙa ɗaukewa, wata guda, wata uku, daga baya ya daina zuwa gaba ɗaya. Kwananawa ya taɓa rubuta masa a ƙasan wata tsohuwar amsa cewa an kwana biyu, ba a amsa ba. Bai san ko namiji ne ko mace ba, yaro ko tsoho, kuma bai san wanda zai tambaya ba.

Hamsin da takwas ta yi shekara huɗu da wata goma a sama. Yana wata na bakwai da ritaya, sun koma wani gida a ƙasa saboda gwiwar matarsa, ya buɗe shafin da hantsi ya ga wani sabon suna da hamsin da biyar. Ya kwafi layin ya kai shagon hoto na bakin titi aka buga masa da manyan haruffa, ya dawo ya shimfiɗa a teburin cin abinci. Kwana biyu yana kansa da fensir kafin ya gane dabarar. Mutumin bai bi hanyarsa ba sam, daga ƙarshen jerin ya faro. Ya rubuta masa a ƙasa cewa bai taɓa hango wannan ba. Ya ƙara mako guda yana neman ko harafi ɗaya da zai rage, bai samu ba, ya naɗe takardar.

"An wuce ka?" in ji matarsa, tana shafa magani a gwiwa.

"An wuce ni."

"Da nawa?"

"Uku."

"Ka ji haushi?"

"Na ji, ranar farko."

Yanzu safiya uku a mako yakan je wata cibiyar koyon sana'a da ke bayan tashar bas, inda yake koya wa manya, akasari masu shaguna da ma'aikatan da aka sauya wa aiki, yadda ake shigar da bayanai a kwamfuta. Ɗalibansa suna cewa yana da haƙuri, amma sai ka kasa kunne sosai, don ba ya maimaitawa sai an roƙa. Sauran ranakun yana gida. 'Yarsu ta haihu na biyu, suna shirin zuwa su yi mata mako guda, kuma wansa ya riga ya ce shi zai tuƙa su.